AN YANKE WA AL'UMMA HARSHE, SANNAN AKA CE BEBIYA CE

A watan Nuwamba na shekarar 2025 ne Ministan Ilimi na Nijeriya, Tunji Alausa, ya tsaya a Abuja ya shelanta cewa gwamnati ta soke tsarin koyar da yara 'yan firamare da harshen uwa, Turanci ne kaɗai zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Ba a kuma tashi yin wannan shela ba sai a wajen taron da British Council ta shirya, wato hukumar da Ingila ta kafa musamman domin yaɗa harshenta da al'adunta a duniya. Wanda duk ya san tarihi ba zai yi mamakin wurin da aka zaɓa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Hujjar da aka kawo ita ce wai yara suna faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi koyarwa da harshen uwa. To, ɗan uwa mai karatu ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi da kansa. A watan Nuwamba na 2022 aka amince da wannan tsari, lokacin ministancin Adamu Adamu, kuma 'yan firamare ya shafa. Yaron da ya shiga aji ɗaya a wannan shekara, a 2025 bai ko gama firamare ba, balle ya zauna jarrabawar gama sakandare. Waɗanda suka faɗi WAEC ɗin 'ya'yan tsohon tsari ne, tsarin Turanci. Ballantana ma tsarin na 2022 a takarda ya tsaya: ba a wadata makarantu da littattafai ba, ba a horar da malamai yadda ya kamata ba. Ke nan an kama wanda ko gona bai shiga ba an ce shi ya cinye amfanin.

Wannan mataki yana da tsohuwar saiwa. Ci gaba ne na aikin da aka fara shekaru fiye da 120 da suka wuce, kuma wajibi ne matasa su san yadda aka fara shi.

KAFIN ZUWAN NASARA

Ƙaryar da aka fi nanata wa yaran makaranta ita ce Bature ne ya kawo karatu da rubutu ƙasar nan. Alhali kuwa ɗaruruwan shekaru kafin ƙafar Bature ta taka ƙasar Hausa, ana rubutu a Kano da Katsina da Zazzau da Barno. Da Larabci ake shari'a, da shi sarakuna ke aika wa juna wasiƙu, da shi malamai ke wallafa littattafai. Sannan malaman nan suka ɗauki baƙaƙen Larabci suka gyara su yadda za su ɗauki sautin harsunan gida, abin da ake kira ajami. Hatta ɗigon nan na imala da ake sawa ƙarƙashin baƙi a ƙira'ar Warshu, shi suka ara domin rubuta wasalin da Larabci ba ya da alamarsa. Wannan aikin masu basira ne, waɗanda suka san harshensu ya isa a rubuta shi.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya rubuta wa malamai da Larabci, amma da ya so isar da saƙo ga makiyayi da manomi sai ya yi waƙoƙi da harshen da suke ji. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke ɗaukar waƙoƙin karantarwa suna kai wa mata har cikin ƙauyuka. Can kuma a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau, Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Karaci a 1934, ya cika takardu da tarihi da waƙoƙi cikin ajamin Hausa, har da waƙa a kan zuwan Nasara. Su kansu 'yan mulkin mallakar da suka yi ƙidaya a farkon mulkinsu sun sami makarantun allo sama da 20,000 a Arewa, da almajirai sama da 200,000. Wannan ita ce al'ummar da aka wayi gari ana kira jahila.

YADDA AKA YI FASHIN

Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, sannan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Bindiga ta gama nata aikin. Amma Gwamna Lugga da muƙarrabansa sun san bindiga tana iya ƙwace gari, ba ta iya riƙe shi har abada. Akwai wata matsala da ta dame su: akasarin jami'ansu ba su iya karanta Larabci ko ajami ba. Al'umma tana da hanyar sadarwa wadda mai mulki bai san abin da ke gudana a cikinta ba. Maimakon baƙo ya zauna ya koyi rubutun masu gida, sai aka yanke shawarar masu gida ne za su koyi na baƙo.

'Yan mishan irin su Likita Mila na Zariya sun matsa ƙwarai a kan a rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa, domin sun fahimci cewa muddin yaro yana koyon rubutu ta hanyar babbaƙu da farfaru, to ƙofar da zai fara shiga ita ce ta Alƙur'ani. A 1909 aka buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano ƙarƙashin Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, mutumin ƙasar Suwizalan da ya fara zuwa ƙasar nan a matsayin ɗan mishan. Shi ne ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da baƙaƙen Turawa a 1912. Gidansa yana nan a Kano har yau ana zuwa kallo. Daga nan sai Kwalejin Katsina a 1922, sai hukumar fassara da talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Mutanen wancan zamani ba su ruɗu ba. Sunan da suka raɗa wa sabon rubutun ya isa shaida. Kalmar boko tsohuwar Hausa ce mai nufin abin da ba na ainihi ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko, wadda ake ɗorawa a kan doki domin a ɓoye ta gaskiya.

Natijar wannan aiki ita ce, sannu a hankali, takardar haraji da ta ofis da ta neman aiki duk suka koma boko da Turanci. Malamin da ya haddace Alƙur'ani, ya karanci Risala da Muhtasar, yake rubuta wasiƙa da ajami ba gargada, sai ya koma neman yaron elemantare ya karanta masa takardar gwamnati. Da ake ƙidayar masu ilimi, sai a jefa shi cikin layin jahilai. Ba a ƙone littattafansa ba. An bar su a cikin gafaka, aka raba su da jikokinsa, waɗanda yau suke kallon rubutun kakansu kamar zanen tafiyar tururuwa.

MAKIRCIN IRI ƊAYA NE A KO'INA

Kada wani ya zaci tsautsayi ne ya faɗa wa ƙasar Hausa ita kaɗai. A Indiya, a shekarar 1835, wani jami'in Ingila mai suna Macaulay ya rubuta wa gwamnatinsa ƙarara cewa abin da ake buƙata shi ne a ƙera wani rukuni na mutane waɗanda jininsu da launinsu na Indiya ne, amma tunaninsu da ɗabi'unsu na Ingila, su zama tafintoci tsakanin masu mulki da miliyoyin da ake mulka. Wannan ita ce manufar, da bakin mai ita.

Faransa kuwa ta fi fitowa fili. A Aljeriya, wadda ta mamaye tun 1830, ta ƙwace dukiyar waƙafi da makarantu ke rayuwa a kanta, sannan a 1938 ta yi dokar da ta ɗauki Larabci a matsayin harshen waje a ƙasar da Larabci ne harshen sallarta da karatunta. A makarantun Faransa na Afirka ta Yamma, har da Nijar, akwai wata alama da ake kira sambol: ƙashi ko gwangwani ko wani abin ƙyama da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa. Ba zai rabu da ita ba sai ya kama wani ɗan uwansa ya rataya masa, wanda kuma aka tashi da ita a wuyansa shi zai sha hukunci. A duba wannan tarbiyya da kyau. An koya wa yaro abu biyu a lokaci guda: ya ji kunyar harshen mahaifiyarsa, ya kuma zama ɗan leƙen asiri a kan ɗan uwansa.

MAGADA SUN FI MAI GADO ƘWAZO

Nasara ya naɗe tutarsa a 1960, amma ya bar waɗanda ya ƙera. Har yau akwai makarantu a Kano da Kaduna da Sakkwato inda ake cin yaro tara ko a yi masa bulala saboda ya yi abin da suke kira banakula, kuma mai bulalar Bahaushe ne ɗan Bahaushe. Akwai gidajen da uba ke alfahari cewa 'ya'yansa ba su jin Hausa, an kai su gaida kaka sai an nemi tafinta. Akwai matashin da ba zai iya haɗa jimla uku ba sai ya cusa Turanci a ciki, Hausar ba ta tsaya ba, Turancin bai nuna ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tsarin mulkin 1979, da na 1999 a sashe na 55, sun ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Shekaru fiye da 40 ke nan ana jiran wannan tanadi. An sami kuɗin motoci da na alawus, na tafintoci ne ba a samu ba.

A 2007 aka cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50. A 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100 ta bikin cika shekara ɗari da haɗe Kudu da Arewa. A 2020 wani lauya a Legas ya kai ƙara yana neman a share sauran, wai Larabci ne, wai ana son musuluntar da ƙasa, ƙarar da kotu ta yi watsi da ita a 2024. Alhali duk almajirin da ya duba takardar ya san abin da ke rubuce Hausa ce tsantsa: naira dubu, naira ɗari biyar. Jahilcin masu digiri ne ya kai su ga tsoron abin da ɗan shekara bakwai a tsangaya yake karantawa.

Wani abin lura kuma: BBC ta buɗe sashen Hausa tun 1957, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, ga na Jamus da na Sin. Idan waɗannan ƙasashe suna son zuba ra'ayinsu a kunnen talaka, sun san Hausa ce hanya, suna kashe maƙudan kuɗi a kanta. Amma idan ɗan talakan ya zo neman shiga jami'a a ƙasarsa, ko da ya fi kowa lissafi, sai a ce ba shi da kiredit a Turanci, ya koma gida. Harshen ya isa a mallake shi da shi, bai isa ya yi ilimi da shi ba!

AMSA GA MASU SHUBUHA

Za su ce harsunan gida ba za su iya ɗaukar kimiyya ba. Amsa tana nan a cikin Nijeriya. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara gwaji: wasu yara aka koya musu komai da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, har lissafi da kimiyya, Turanci kuma darasi ne guda a hannun ƙwararren malami. Wasu kuma aka bi da su ta tsohuwar hanya. Sakamako ya nuna 'yan Yarbancin ba su gaza ba, a fannoni da dama ma sun yi zarra, kuma Turancinsu bai faɗi ba. Dalili a bayyane yake. Yaron da ake koya wa rabawa da harshen da ba ya ji yana fama da dutse biyu a lokaci guda, sai ya koma hadda irin ta aku. Jamus da Japan da Koriya da Sin da Turkiyya, wace ce cikinsu take koyar da 'yan aji ɗaya da harshen aro? Kayan aro ba ya rufe katara.

Za su ce harsunan Nijeriya sun haura 500, da wanne za a koyar? Wannan matsala ce ta gaske a wasu unguwannin Legas da Abuja da Jos. Amma a Daura ko Gumel ko Birnin Kudu, inda kusan duk ajin harshe ɗaya suke yi, mene ne uzuri? Ba a hana wa dubu magani saboda ba a gano na mutum goma ba.

Za su ce ai wannan jarida ma da boko aka buga ta. Haka ne. Magabata irin su Abubakar Imam da Sa'adu Zungur sun karɓi makamin da aka ƙera domin a mallake su, suka juya shi ya yi wa al'umma aiki. Boko ya zama dukiyar Hausa yanzu, babu mai cewa a zubar da shi. Babu kuma mai cewa a bar makaranta ko a ƙi koyon Turanci. Manzon Allah (S) da kansa ya umurci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin maslahar al'umma. Waɗanda suka ƙone makarantu suka kashe ɗalibai da sunan ƙin boko, jahilci suka yi wa hidima, kuma sun bai wa maƙiya sandar dukan al'umma. Matashi ya koyi Turanci ya ƙware, ya riƙe shi yadda maƙeri ke riƙe awartaki. Abin da ake ƙi shi ne ya zama ma'aunin hankali da daraja.

SU WA SUKA TAƁA FARFAƊO DA HARSHE?

A Aljeriya, Shaihu Abdulhamid bin Badis da 'yan uwansa malamai sun kafa ƙungiyar malamai a 1931, suka buɗe makarantun sa kai da kuɗin talakawa, suna koyar da Larabci duk da tsangwamar Faransa. Bin Badis ya rasu a 1940, bai ga 'yancin 1962 ba, amma aikinsa ne ya hana harshen mutuwa. A can ƙarshen duniya kuma, a ƙasar Niyu Zilan, Ingila ta yi wa ƙabilar Mawori irin wannan ta'asa, ana dukan yaransu a makaranta saboda harshensu, har ya kusa ƙarewa. A 1982 tsofaffinsu suka fara tara ƙananan yara a wuraren reno inda ba a magana sai da Mawori. Cikin shekara biyar, a 1987, gwamnati ta mayar da shi harshen hukuma. A duka wuraren biyu jama'a ne suka yi gaba, doka ta biyo baya.

A kusa kuwa, Mali ta sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma a tsarin mulkinta na 2023. Nijar ma a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Mataki ne mai kyau, amma darasin Nijeriya ya isa gargaɗi: abin da aka bayar da sa hannu a 2022 an karɓe shi da sa hannu a 2025. Dokar da ba ta da littafi da malami da iyaye a bayanta, iska ce take ɗauka.

WANZAMI BA YA SON JARFA

Akwai gaskiya mai ɗaci da dole a faɗa wa masu jin Hausa. 'Yan mulkin mallaka sun yi amfani da Hausa wajen mulkar ƙabilun Bauci da Filato da kudancin Kaduna, kuma har yau Hausa tana haɗiye ƙananan harsuna. Harshen Ajawa a ƙasar Bauci ya mutu tun a ƙarnin da ya wuce, masu shi sun koma Hausa. Fulanin birni da yawa ba su iya gaisuwa da harshen da Shehu ya yi waƙa da shi ba. Allah Ta'ala Ya lissafa bambancin harsuna cikin ayoyinSa a Suratur Rum. Saboda haka wanda yake kukan an raina Hausa, sannan ya juya yana yi wa ɗan uwansa Babarbare ko Banufe ko Bajarawa dariya idan ya yi yarensa, to ya ɗauki sambol ɗin Faransa ya rataya wa maƙwabcinsa. Wanda aka zalunta ba ya da izinin zama azzalumi.

AIKIN DA KE GABAN MATASA

Jiran gwamnati ɓata lokaci ne. Duk matashin da ya yi allo, 'yan kwanaki kaɗan sun ishe shi ya iya ajami. Ya koya, ya koya wa ƙannensa. Ya duba gafakar kakansa kafin gara ta riga shi. Takardun da ke ciki ya ɗauki hotonsu da wayarsa, ya nemi shawarar wuraren adana irin su Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Abin kunya ne a ce Jami'ar Boston ta Amurka tana tattara hotunan rubuce-rubucen ajami tana adanawa, masu abin kuwa suna naɗe ƙosai da su.

Wanda ke rubuta Hausa a waya ya rubuta ta daidai, da ƙa'idarta da ƙugiyoyinta, ya san bambancin ƙasa da kasa. Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamus na Hausa zuwa Hausa tun 2006, ya neme shi. Ɗalibin likitanci ko injiniya ko lissafi ya ɗauki babi guda daga abin da ya koya ya mayar da shi Hausa mai daɗin ji, ya raba wa 'yan unguwa. Masu makarantun Islamiyya da na sa kai su koyar da ƙananan aji da harshen da yara ke ji, su daina cin tarar banakula. Wanda ya yi aure ya sa wa gidansa doka: harshen farko da jariri zai ji shi ne na iyayensa. Bikin Ranar Hausa ta 26 ga Agusta da babbar riga da hoto ba zai wadatar ba idan sauran kwanakin shekara ana jin kunyar harshen.

Lugga ya mutu tun 1945, Ɗan Hausa ma a wannan shekara ya mutu. Ba su da sauran bulala a hannu. Duk yaron da za a raba da harshensa daga yau, da hannun ubansa da na malaminsa za a raba shi, kuma su ne za a tambaya. Allah Ya farkar da al'umma, Ya ba matasanta himma da basira, Ya sa su fi ƙarfin makircin masu makirci. Amin.